Mu a Kuseri buhun ƙasa ne madatsarmu

A bangon shagona akwai wani layi mai duhu da ya kai min gwiwa. Duk wanda ya zo awon riga sai ya tambaya, ni kuwa na hana yaron shago ya shafe shi da fenti. Nan ruwan ambaliya ya tsaya a 2024, a garinmu Kuseri da ke jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Kekunan ɗinkina biyu sun tsira don mun ɗora su kan teburin yanka, amma a gida ɗakin Inna bai tsira ba.

Wanda bai zauna Kuseri ba yakan ɗauka ruwan sama ne ke cinmu. Ruwan samanmu da sauƙi. Wanda ke rusa mana gidaje daga kudu yake tasowa, daga tuddan Adamawa da Afirka ta Tsakiya, ya biyo kogin Logon da na Shari, su haɗu a bakin garinmu, mu a wannan gaɓa, Njamena a waccan. Sai damina ta ɗauke, wajen Oktoba, sannan kogi ke cika ya batse. Makonni yake yi a hanya kafin ya iso. Masunta na ganin alamarsa tun da wuri. A 2024 ma Yagwa, garin da ke kudu da mu, ta riga mu gani, tun a Satumba gadar da ta haɗa ɓangarorin garin ta karye. To idan masunci ya sani, gwamnati mai ma'aikatan auna kogi ba ta da bakin cewa ruwa ya shammace ta.

Kuma ta san maganin, don da bakinta ta faɗa. A Satumban 2012, bayan ambaliyar da ta ci jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, Shugaba Paul Biya ya zo har Girbidik, kusa da tafkin Maga, ya yi alkawarin madatsa mai hanya a kanta, kilomita 330, daga Gobo zuwa Kuseri. A rediyo na ji, ina guga, har na ajiye dutsen na ƙara murya. An gyara madatsar Maga da wani yanki na gaɓar Logon da kuɗin Bankin Duniya, wannan gaskiya ne. Amma waccan doguwar da za ta iso mana, shekara 12 cur ruwan 2024 ya zo bai same ta ba. A shekarar nan sama da mutum 400,000 ambaliya ta shafa a Arewa Mai Nisa.

Abin da ruwa ya samu shi ne mu da buhunanmu. Bulama ya sa aka yi shela kowane gida ya kawo buhu da abin da ya sawwaƙa. Dare uku samarin unguwa na cika buhu da ƙasa, wasu na haska musu da fitilar waya, mata na kawo shayi. A dare na huɗu ruwan bai ma bi ta kan buhunan ba, ta ƙasa ya ɓullo, ta kwata da ta masai. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa farat ɗaya. Gindin bango ne ke shan ruwa ya yi laushi kamar tuwo, sai ka fara jin azara na ƙara. Na shiga na tarar da Inna zaune kan gado, ta naɗe ƙafa, carbi a hannu.

"Inna, ki yi wa Allah ki taso."

"Ɗan nan, a ɗakin nan mahaifinka ya cika. Ina za ni da tsakar dare?"

Goya ta na yi. Ƙanena ya ɗauko akwatinta da buta. Kafin asuba bangon gabas ya zauna.

Mako biyar muka yi a ajin wata makaranta, gida huɗu a aji ɗaya, zani ne labule. Sauro kuwa ba a magana. A mako na biyu ƙaramar 'yata, mai shekara 4, jikinta ya ɗau zafi har ta fara fizge-fizge. Na san an ce maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ne ga yaran da ba su kai shekara 5 ba, na kuma san an ƙaddamar da shirin kiwon lafiya ga kowa a Afrilun 2023. Da wannan na shiga asibitin da ƙarfin gwiwa. Ma'aikaciyar jinyar ta duba ta, ta ɗago ta ce, "Malam, na kyautar ya ƙare. Ga takarda, ka yi sauri ka sayo a waje." Ledar ƙarin ruwa, allura, sirinji, har safar hannu, duk ni na sayo, da kuɗin ɗinkin da mutane suka ba ni kafin alƙalami. Ban riƙe matar nan a zuciya ba. Ita kaɗai ce a ɗaki cike da yara, wasu biyu-biyu a gado, kuma ba ta runtsa ba har gari ya waye. 'Yata ta tashi, alhamdulillahi. Yaron da ke gadon kusa da mu an ce sai a Marwa, babban birnin jiharmu, ban san yadda suka ƙare ba.

Kalmar nan "sai a Marwa" ita ce abin da kowane mai majinyaci ke tsoro a nan. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, wadda muke bi zuwa Marwa, kilomita 205 ce. Aikinta ya tsaya a Mayun 2014, lokacin da Boko Haram suka sace ma'aikata 'yan Sin 10 a Waza, daga nan muka shiga shekaru na ramuka da taɓo da motoci kwance a gefen hanya. Shi ya sa mai ɗan hali ke ɗora majinyacinsa a kilando, wato abin hawan haya, ya haye gadar Ngeli zuwa Njamena. Ɗan Kamaru, mai biyan haraji a Kamaru, yana neman lafiya a Cadi. A 2001 shugabannin Afirka sun amince a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Namu bai kai ko rabin haka ba, kuma a aljihun irina ake cike giɓin. Takardar nan ta mata masu ciki da ake saya sefa 6,000 ta taimaki maiɗakina a haihuwarta ta ƙarshe, ba zan ɓoye ba. Ita ce ma ta nuna min cewa in an ga dama ana iyawa.

Maganar gidaje kuwa ta fi min ciwo, don ko a lissafi ba mu ciki. A 2009 aka fito da shirin gidaje 10,000 masu sauƙin kuɗi da filaye 50,000, aka fara da Olembe a Yawunde da Mbanga-Bakoko a Duwala. A ƙarshen 2014 aka kawo shirin gaggawa na sefa biliyan 925, a ciki aka ce gida 100 a kowane babban birnin jiha guda 8. Gida 100 ga Marwa, a jihar da ke da miliyoyin mutane. Kuseri ba babban birnin jiha ba ce, don haka ko ɗaya. Ni ban ce a gina min gida ba. Tela ne ni, hannuna na ciyar da ni. A yanka filaye a tudu, a ba mu da takarda kan kuɗin da za mu iya, a haƙa magudanai, a tare kogi. Lokacin gasar ƙwallon Afirka a farkon 2022 an gyara filin wasa na Garwa tsaf kafin ranar, saboda duniya za ta kalla. Mu ma ranar zuwan ruwanmu sananniya ce.

Na sake tayar da ɗakin Inna a wurin da yake, don ba ni da wani filin. Sahu huɗu na ƙasa bulo ne da siminti, iya abin da kuɗin adashi ya kai ke nan, sauran tubali. Buhuna 60 na saya na ninke a bayan shago, ƙarƙashin teburin yanka, kafin Oktoba ta sa su yi tsada.