Ranar da na tozarta sajena a gaban yara

Sama da shekara 30 ke nan, amma har yau idan na tuna safiyar da na ci mutuncin sajena a gaban sojoji sai kunya ta rufe ni. A 1992 ne, a bayan garin Monrobiya, ina ƙaramin laftana, ban daɗe da fitowa daga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna ba. An tura bataliyarmu Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ta sauka ƙasar tun watan Agustan 1990, aka danƙa mini sojoji kusan 30 da shingen bincike guda.

Sajen nawa a haife ya haife ni, domin tun lokacin yaƙin basasar Najeriya ya shiga soja. Kullum da asuba sai ya kawo mini shayi a kofin silba, ya tsaya kamar mai gaisuwa, a cikin hira ya sanar da ni wanda ba shi da lafiya, da wanda wasiƙar gida ta tayar wa hankali, da wanda ya kamata a sa wa ido. Ni kuwa a lokacin ladabi kawai na ɗauki abin.

Ruwan Monrobiya ba irin namu ba ne, sai ya kwana ya wuni yana zuba. Wani dare wajen ƙarfe uku na fita zagaye, na tarar da mai gadi ya jingina da buhunan yashi yana sharar barci, bindiga a kan cinya. Barci a bakin gadi babban laifi ne a dokar soja, hanyar hukunta shi kuma a bayyane take: a rubuta tuhuma, a gurfanar da mai laifi gaban kwamanda. Ban bi ta ba. Gari na wayewa na tara kowa a fareti, na sa yaron tsallen kwaɗo a cikin taɓo, sannan na juya kan sajen na ce furfurarsa ba ta amfana masa komai ba, tunda ya kasa riƙe yara. Ya ƙame, ya sara, ya ce, "An ji, yallaɓai."

Daga ranar, duk umarnin da na ba shi sai ya cika shi daidai, bai rage ba, bai kuma ƙara ko ƙwayar zarra ba. Kafin mako biyu na fara ganin tsatsa a bakin bindigogi, abin da danshin ƙasar yake haifarwa nan da nan idan ba a goge da mai ba. Wani kofur ya mayar wa sajen da magana a kan idona, kuma ni na koya masa. Mafi muni, sai ga ƙorafi cewa yarana sun fara karɓar na goro daga direbobi a shingen. Na ƙara gwale-gwale, abin sai ƙara lalacewa yake yi.

Samanja ne ya ja ni gefe, ya shimfiɗa mini jadawalin gadi, ya ce, "Yallaɓai, wannan rubutun wa ne?" Nawa ne. Ni na ƙara wuraren gadi biyu don in burge na sama, ban ƙara mutum ko ɗaya ba, har wasu suna kwana biyu a jere ba su runtsa ba. Yaron da na jefa cikin taɓo zazzaɓin cizon sauro yake fama da shi, kuma sajen ya faɗa mini haka da asubar ranar, ina kurɓar shayi ban saurara ba.

Shi ya sa duk ƙaramin hafsan da ya tambaye ni yadda ake gyara ɗa'ar soja, nakan ce ya fara duba jadawali da tukunya da ƙafafun yaransa kafin ya nemi ɗakin horo. Kada ya ci abinci sai sun ci. Hukunci kuma ya bi doka, ya zama iri ɗaya ga kowa, domin soja yana jure tsanani amma ba ya manta wulaƙanci. Idan saje ya yi kuskure, a kira shi ɗaki a rufe ƙofa. Ta hannunsa umarnin hafsa yake isa ga kurtu, ni kuwa da bakina na karya wannan hannun don fushin dare ɗaya.

Na same shi da magariba yana alwala, na ce, "Baba Saje, na yi kuskure." Bai ɗago ba, ya ce, "Yallaɓai, ka gyara jadawalin kawai." Na rage wuraren gadi, na sa sunana a zagayen tsakar dare, washegari a fareti na ce daga yau maganar saje maganata ce. Sai da aka ɗauki makonni kafin karɓar kuɗi a shingen ta tsaya, bayan an gurfanar da mutum biyu yadda doka ta tanada.

Ranar 15 ga Oktoba mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka auka wa Monrobiya. Bindigoginmu sun tashi, babu kuma wanda ya bar bakin aikinsa, abin da na tabbata ba zai yiwu ba da harin ya zo kafin wannan gyaran. Sajen ya ci gaba da ba ni shawara har muka dawo gida, amma shayin asuba bai sake kawo mini ba.