Kujera Ta Uku A Ajin Koyar Da Ciniki

Yawancin darussan sasantawa da ake yawo da su a tarurrukan horarwa sun samo tushe daga tsarin da Roger Fisher da William Ury na Jami'ar Harvard suka fitar a 1981: ka raba mutum da matsalar, ka tono ainihin buƙatarsa, ka kuma san madafarka idan ciniki ya watse. Na ƙarshen nan ina koyar da shi ko'ina, domin wanda ba shi da wata mafita, duk abin da aka taya masa sai ya sallama.

Inda gizo ke saƙar shi ne atisayen. A zaunar da mutum biyu, a miƙa wa kowa takardar sirri mai bayanin matsayinsa a cinikin, a ce su daidaita cikin minti 20. A ajin da ya haɗa 'yan Nijar da Chadi da Ghana da Najeriya, na ga yadda wannan ke kwarar mutane. Wanda ya saba sayen riɗi a kasuwar Dawanau ta Kano ya san ba haka ake yi ba. Dillali ne a tsakani, shi ke kai magana ya dawo da ita, ya sanyaya mai zafi, la'adarsa na jiransa. Idan bashi ne, maigida ke tsayawa. A nan mutumin shi ne jinginar, to yaya za a raba shi da matsalar?

Wata 'yar kasuwa daga N'Djamena ta ƙi sa hannu a ƙarshen atisaye. Ta ce, "Malam, ba ni kaɗai ke yanke magana ba, sai na ji ta bakin manya." A takardar maki ta faɗi, alhali ta fi kowa bin ƙa'idar gidansu.

Yanzu nakan ajiye kujera ta uku don mai shiga tsakani, in ba da hutun komawa a yi shawara. Kafin a hallara, kowa ya rubuto cinikin da ya taɓa ba shi wahala, da shi za mu yi aiki. Masu magana ta bakin tafinta kuwa ina ninka musu lokaci, don in ba haka ba, mai Turanci ne zai ci kasuwa kullum, ko da hujjarsa ba ta kai ba.