Gidan ƙasa a ƙauyen Devon

Aikin kula da tsofaffi ne ya kawo ni Ingila, aka tura ni wani ƙauye a Devon, kudu maso yammacin ƙasar. Ɗakin da na kama haya yana cikin wani tsohon gidan gona, kuma wallahi ginin ƙasa ne. Jar ƙasa aka kwaɓa da ciyawa, aka ɗora ta kan harsashin dutse don kada lema ta ci ta daga ƙasa. Rufin ma na ciyawa ne, an bar bakinsa ya zarce bango sosai saboda ruwan sama. Kaurin bangon ya wuce rabin mita, har mutum kan zauna a bakin taga. Ƙofofin kuwa gajeru ne, dogo sai ya sunkuya.

Gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi da hukumar Historic England ke riƙe da ita. Matakai uku ne, namu yana na ƙasa, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na gine-ginen suke. Kusan duk ginin da aka yi kafin 1700, in bai sauya kama sosai ba, yana shiga. Da zarar ya shiga, mai shi ba ya da ikon sauya fasalinsa sai da izinin ƙaramar hukuma, yin haka ba izini laifi ne da kan kai mutum kotu. Shi ya sa tagoginmu har yau na katako ne masu gilashi falle ɗaya. Lokacin hunturu da rigar sanyi nake kwana. A ganina dokar ta fi tausayin bango a kan ɗan haya.

Da bazara aka kira magini ya gyara yaɓen da ya tsage. Da farar ƙasa ya yi aikin, ko buhun siminti ɗaya bai shigo gidan ba. Ya ce siminti yana kulle danshi a ciki, bangon ya jiƙe har ya zube. Na ba shi labarin yadda ake yaɓe da makuba a Kano kafin damina, ya ajiye cokalinsa yana ta tambayata yadda ake jiƙa ta. Na tura wa yayana hoton gidan. Ya ce shi bai yarda a Ingila nake ba.

Yanzu dattijuwar da ke da gidan tana tara kuɗin sake ƙoƙuwar rufin, aikin da ake yi kusan duk shekara 10 zuwa 15. Ta riga ta gaya mini kuɗin haya zai ƙaru.