Ƙafiya ba ado ba ce

Jiya bayan la'asar na bi ta wajen Hubbare sai na ji wani dattijo makaho shina rera Tabban Haƙiƙa, wallahi na kashe mashin na tsaya har ya kai ƙarshe. Wa'azin da ke ciki na sha jin shi wurin malamai, abin da ya riƙe ni shi ne yadda kowane baiti zai yi ta tafiya ya dawo ya sauka kan "tabbat haƙiƙa", dattijon kuma daidai nan yake buga sandarshi ƙasa, kafin baiti na biyar ni ma bakina ya fara jiran wurin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi waƙar da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, wato ya ɗora layi uku kan kowane biyu ta koma ƙwar biyar. Mutanen nan suna sane da abin da suke yi, karin, wato ma'aunin waƙar, da ƙafiyar, wato amsa-amon ƙarshen baiti, su suka sa tsohuwa da ba ta karatu ta haddace ta tana kaɗi.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji yaranmu masu rubuta waƙa suna cewa ai saƙo shi ne komai, ma'auni takura ce. To cire ma'aunin ka gani ko saƙon zai kwana a kan kowa.

Fim ma haka yake. Wani ɗan Rasha mai shirya fim, Kuleshov, ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda, bai canza ta ba, ya jera ta da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da mace, masu kallo suka ce nan yunwa yake ji, nan baƙin ciki, nan sha'awa. Fuska ɗaya fa! Yankan hoton ne ya yi maganar. Eisenstein, shi ma mai shirya fim ɗan Rasha, ya ɗauki wannan dabara ya gina fim ɗinshi Potemkin na 1925 a kanta, musamman wurin da aka ɗauka kan matakalar birnin Odessa.

Mu kuwa da yawan finafinanmu sai a dasa kyamara a falo, mutum biyu kan kushin su yi ta bayani minti goma, ita ta ce ranta ya ɓaci shi ya ce ya gane. Ni da za a nuna mani hannunta kawai tana murza bakin gyale, a yanke zuwa abincin da ya huce ba a taɓa ba, da ya ishe ni.