Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Lomar da Ta Ƙi Wucewa

Makon jiya mun tsaya a inda Hajiya, uwar maigidana, ta dage cewa jifa aka yi mini, har aka kai ni wurin mai ruƙiyya a Pantami. Ban ga laifinta ba. Mace ta koma rayuwa kan kunu da koko, tuwo ya ƙi wuce mata wuya, nama sai dai kallo, ga kuma amarya a gida. Me mutane za su ce?

Yayana ne ya raba gardama, ya ɗauke ni sai asibitin koyarwa na nan Gombe.

Likitan bai fara da wuyana ba. Hannuna ya ce in miƙo. "Malama, tun yaushe faratanki suka lotsa haka?" Sun shige ciki kamar cokali, ni kuwa na ɗauka wanki ne. Ya duba tsagewar gefen bakina da harshena da ya yi sumul, ya tura ni gwajin jini. Jinin ya yi ƙasa sosai. Haihuwa a kai a kai da yawan zubar al'ada sun cinye sinadarin ƙarfe na jikina.

Daga nan aka ba ni wani farin ruwa mai kauri, ina haɗiya ana ɗaukar hoto. A hoton aka ga wani siririn tantani ya tsiro a saman bututun abinci, ya tsuke hanya. Ya ce sunan ciwon Plummer-Vinson, ba kasafai ake ganinsa ba, mata ya fi kamawa. Maigida ya tambayi abin da na kasa tambaya: "Likita, ciwon daji ne?" Ya ce a'a, amma dole in riƙa zuwa ana dubawa, domin masu shi sun fi wasu haɗarin dajin maƙogwaro.

Ranar da za a buɗe mini hanyar abincin, da azumi na je. Aka fesa mini maganin kashe zafi, aka zura roba mai kyamara, sannan aka bi da wasu robobi, kowace ta fi ta baya kauri, har tantanin ya yage. Ba yanka, ba ɗinki. Maƙoshina ya kwana yana raɗaɗi.

Aka sallame ni da ƙwayoyin ƙarin jini na watanni, da sharaɗin kada in kora su da shayi don yana hana su shiga jiki. Hanta da zogale kuwa, in ci iya cina.

Hajiya dai har yau ta ce ruƙiyyar ce ta sassauta abin. Yadda muka kwashe da amarya da ta ji irin zargin da aka yi mata, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.