Yinin da na yi a Ellora

Lahadi, da dare.

Ƙafafuna sun yi tsami, amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Bayan sallar asuba muka bar Aurangabad ta ƙasar Indiya zuwa kogunan dutse na Ellora, ni da abokina ɗan Maradi da muke karatu tare a Pune. A 2023 gwamnati ta sauya wa garin suna zuwa Chhatrapati Sambhajinagar, sai dai direban da ya ɗauke mu tsohon sunan bakinsa ya saba da shi. Tafiyar kusan kilomita 30 ce. A hanya ya nuna mana ganuwar Daulatabad a kan tsauni, inda Sarkin Delhi Muhammad bin Tughluq ya mai da fadarsa a 1327. Ba mu tsaya ba, rana muke gudu.

Koguna 34 ake shiga a Ellora, a jere a jikin dutse ɗaya: 12 na mabiya Buddha, 17 na Hindu, 5 na mabiya addinin Jain. Tun 1983 wurin yake cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO. Kowa da ya sauka daga mota lamba 16 yake dosa, wato ɗakin bautar Hindu da ake kira Kailasa, mu ma muka bi sahu.

A bakin ƙofa abokina ya ja tunga. "Malam, ni fa nan zan jira ka. Gumaka ne fa a ciki." Na ce masa ni ma ba sujada na zo yi ba, aikin hannu na zo gani. Ya yi shiru, can da ya ga zai zauna shi kaɗai da birai, ya biyo mu.

Dattijon da muka ɗauka ya zaga da mu bai fara da tarihi ba. Ya ce mu duba bango da ginshiƙai, mu nuna masa inda aka haɗa dutse da dutse. Muka duba, muka shafa, babu. Ashe ɗakin bautar gaba ɗaya, da benensa da hasumiyarsa mai tsawon sama da mita 30, dutse guda ne. Masu aikin sun hau saman tsaunin ne suka yanka ramuka masu zurfi ta gefe uku, suka bar ƙaton dunƙule a tsakiya, sannan suka fara sassaƙa shi daga rufi suna gangarowa ƙasa, da guduma da kurfi. Ana danganta aikin ga Sarki Krishna na Ɗaya na daular Rashtrakuta, a ƙarni na 8.

Nan na daɗe a tsaye. Magini idan bango ya karkace, ya rushe ya sake ɗorawa. Wannan kuwa aikin masassaƙin turmi ne: abin da ka cire ya tafi ke nan. Wanda ya fara buga kurfi a ƙololuwa dole ya riga ya san inda ƙafar giwar ƙarshe za ta sauka, mita da yawa a ƙarƙashinsa, a cikin dutsen da ba a taɓa buɗewa ba. Giwayen kuwa suna nan a jere a gindin ɗakin, kamar su suka ɗauke shi a baya. Da yawa haurensu da hancinsu sun karye. A wasu lungunan har yanzu akwai ragowar farin shafe da ɓurɓushin fenti, alamar da can ba baƙi ƙirin yake haka ba.

Sassaƙar da ta fi tsaya mini ita ce ta Ravana, sarkin da labarin Hindu ya ce mai kai goma ne da hannu ashirin, yana jijjiga tsaunin da abin bautarsu Shiva yake zaune. Matar Shiva, Parvati, ta jingina da mijinta a tsorace, wata baiwa ta juya za ta ruga, shi kuma gogan ko gezau, ɗan yatsan ƙafa kawai ya danna. Dattijon ya ce darasin girman kai ne. Ban yarda da abin da ake bauta wa a wurin ba, amma wanda ya iya fitar da tsoro a kafaɗar mace daga cikin dutse, gwani ne. Har abokina, mai jan tunga, sai da ya ce "Ikon Allah!"

Lamba 10 ta mabiya Buddha mun leƙa ta a gurguje. Rufinta an sassaƙa shi tamkar azara ce aka jera. A ɓangaren Jain, a lamba 32, akwai siffar wani waliyyinsu, Bahubali, a tsaye tsam, tsirrai masu yaɗo sun nannaɗe ƙafafunsa, wai saboda daɗewar da ya yi yana tunani bai motsa ba. Aƙidarsu ta ginu a kan kada a cutar da kowane rai. Malamansu kan share hanya kafin su taka, masu tsanani a cikinsu ko albasa da dankali ba sa ci, don tumɓuke su kashe shuka ne da ƙwarin da ke ƙasa. Abokina ya ce to su da kilishi sai a lahira.

La'asar a Khuldabad muka yi ta, ɗan gari kusa da kogunan. Can kabarin Sarki Aurangzeb na daular Mughal yake, wanda ya rasu a 1707. Ƙasa ce a buɗe, ba ƙubba, farin dutsen da ya kewaye ta daga baya aka sa. Ana cewa da kuɗin ɗinkin hulunan da ya yi da hannunsa aka yi masa sutura. Sunansa kuwa har gobe wuta ne a ƙasar nan: shi ya sa aka rushe ɗakin bautar Hindu na Vishwanath da ke Banaras a 1669, shi ya sa aka kashe Sambhaji, sarkin Maratha, a 1689, wanda yanzu garin Aurangabad yake amsa sunansa. Da na ɗauko zancen a mota, direban ya ƙara muryar rediyo. Na kama bakina.

Da magariba Umma ta kira, ta ce hotunan da na tura wa ƙanwata sun iso gare ta. "Kai, ina ka kai kanka haka? Ka dai yi salla ko?" Na ce na yi, ranki ya daɗe, har da jam'i. Ta ce to a dawo lafiya, a kuma riƙa addu'a.

Mun so mu wuce kogunan dutse na Ajanta gobe mu ga zanen bango, amma ran Litinin a rufe take. Motar Pune ƙarfe bakwai za ta tashi.