Rijiyar da na sa aka rufe a Zariya

Makon jiya na karɓi takardar kammala digirina na biyu a fannin injiniyancin muhalli, na tattara 'yan littattafaina daga ɗakin da na yi haya a Samaru. A takarda karatun na wata goma sha takwas ne, ni kuwa sai da na shekara huɗu da ɗoriya. In an tambaye ni dalili nakan ce korona ce da yajin aikin malaman jami'o'i, kuma ba ƙarya na yi ba, don na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas. Amma akwai shekara guda cur da ni na ɓatar da hannuna, kuma ɓarnar ba a kaina kaɗai ta tsaya ba. Labarinta nake so in bar wa masu shigowa.

Mu goma sha ɗaya ne a ajinmu, kowa da ƙofar da ya shigo ta ciki. Mu huɗu daga injiniyan gine-gine muka fito, biyu daga injiniyan sinadarai, ɗaya daga injiniyan aikin gona. Sauran huɗun 'yan kimiyya ne: mai kemistiri, masu ilimin ƙananan halittu biyu, da wani da ya karanta ilimin duwatsu. Su sai da suka yi difloma ta gaba da digiri kafin a karɓe su. Duk wanda ya zauna a irin wannan sashe ya san yadda abin yake. Mu masu digirin injiniya muna ganin mu ne 'yan gida, su kuma 'yan ci-rani. In aka zo lissafin gudun ruwa a bututu ko girman tankin tacewa, mu ke fita allo, su suna kwafa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da su suka iya wanda ni ban iya ba. Rabona da ɗakin gwajin kemistiri tun ina aji ɗaya a jami'a.

Da lokacin zaɓen bincike ya zo, kowa ya kama inda ƙarfinsa yake. 'Yan sinadarai suka tafi ƙona ɓawon gyaɗa da totuwar masara su mai da su gawayin da ke tsotse rini da kuromiyam daga ruwan majemu, ɗayansu har Challawa yake zuwa a Kano ɗebo ruwan. Wata ta ɗauki ƙwayar zogale tana gwada ta da alif, ta ga wanne ya fi kwantar da laka a ruwan Galma. Mai aikin gona ya haɗa tukunyar iskar gas da kashin shanu. Abokina na kusa ya zauna gaban kwamfuta yana lissafin yashin da ke cike madatsar Kubanni duk damina, aikin da ya dace da mu 'yan gine-gine sarai. Ni kuwa na ce dalma zan nema a ruwan rijiya.

Dalilaina biyu ne. Na farko, ina sakandare a 2010 lokacin da labarin gubar dalma ya ɓulla a Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara kusan 400 suka rasu kafin ƙungiyar likitoci na-gari na-kowa ta MSF da sauran masu taimako su shawo kan abin. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Abin ya zauna mini a rai da gaske. Na biyun kuma, malamin da ke duba aikina ne ya ce mini, "Ka je ka yi ƙarafa masu guba, su ne ke saurin fita a mujalla." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Bai tambaye ni ko na taɓa riƙe kwalbar samfur ba, ni ma ban faɗa ba.

Na zaɓi rijiyoyi ashirin da huɗu a wata unguwa da ke kewaye da wani babban juji, inda 'yan jari-bola ke fasa tsofaffin batura suna ƙona waya don cire tagulla. Wasu rijiyoyin na gindin jujin, wasu can sama kusan kilomita guda. A watan Maris na yi ɗibar, lokacin da rijiyoyin Zariya ke ja baya, don ƙasarmu kan dutse take zaune, ruwan rijiya kuma ba shi da zurfi.

A nan na yi kuskure biyu, kuma kowanne kuɗi na so in tsimi. Samfurin da za a nemi ƙarfe a ciki sai an ɗiga masa asid na naitirik tun a bakin rijiya, har tsaminsa ya sauka ƙasa da 2 a ma'aunin pH, don kada ƙarfen ya manne a jikin kwalba. Da asid ɗin ake jiƙa kwalaben kafin a fita, da shi kuma ake dafa samfurin kafin a kai shi na'urar AAS mai auna yawan ƙarfe a cikin ruwa. Mai kyan, wanda aka tace don irin wannan aiki, yana da tsada, kuma a lokacin babu shi a sito. Sai na shiga kasuwa na sayi wani a shagon masu sayar da sinadarai, cikin kwalbar da takardar jikinta ta goge, a kan kusan rubu'in kuɗin wancan. A ganina asid ai asid ne.

Kuskure na biyu ya fi muni. Ƙa'ida ce a haɗa da kwalbar shaida, wadda a ɗakin gwaji ake ce wa bilank: tataccen ruwa zalla, a zuba masa asid ɗin da aka zuba wa saura, a dafa shi tare da su, a auna shi tare da su. In na'ura ta ga dalma a cikinsa, to daga kayan aikinka ta fito. Na karanta wannan a littafi, na ma rubuta shi a jarrabawa. Amma inda na kai awo ana biya ne kan kowace kwalba da kowane ƙarfe, sai na ga wauta ce in biya kuɗi a auna mini ruwan da na riga na san babu komai a ciki. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Sakamako ya fito. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya, daidai da na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya tsayar da dalma a miligiram 0.01 a kowace lita. Rijiyoyina duka ashirin da huɗun sun ninka wannan sau da yawa. Allah ya yafe mini, murna na yi. Malamina ya duba takardar ya ce, "Wannan ai maƙala biyu ce," ya ce in fara rubutu a ranar, sunansa a gaba.

A cikin masu rijiyoyin akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda rijiyarsa ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara, har maƙwabta gida shida ko bakwai a nan suke ɗiba. Ranar da na fara zuwa, da kansa ya riƙe mini guga, ya sa aka damo mini fura. Ganin karamcinsa, na ga bai kamata in san abu irin wannan in yi shiru ba. Na koma na zauna a zaurensa na ce, "Baba, ruwan nan akwai guba." Na ba shi labarin Zamfara, na gaya masa yadda dalma ke lalata ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama a ruwan ba. Jikokinsa na wasa a ƙofar gida a lokacin. Bai yi gardama ba ko kaɗan. Ya ce, "Allah ya saka maka da alheri, ɗana." Kafin mako ya zagayo ya kira magini an ɗora wa rijiyar murfin siminti an liƙe. Gidansa da na maƙwabta suka koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa, mutumin da fanshonsa ba ya kai shi ƙarshen wata.

Wadda ta fara lura akwai matsala 'yar ajinmu ce, mai digirin kemistiri. Ta ga jadawalin a hannuna a ɗakin karatu, ta dube shi na ɗan lokaci, ta ce, "Malam, ya aka yi rijiyar gindin juji da wadda ke can sama suka ba da abu kusan ɗaya? Ina bilank ɗinka?" Na ce ruwan ƙarƙashin ƙasa ai yana tafiya, na kawo mata lissafin da na san ba za ta iya bi ba. Ta yi shiru. Har yau in na tuna yadda na rufe mata baki da ilimin da bai shafi tambayarta ba, kunya nake ji.

Wata bakwai bayan nan, ranar samina da zan gabatar da aikina, wani malami da aka gayyato daga sashen kimiyya ya yi mini tambayar nan dai, kalma da kalma, gaban ɗaki cike da mutane. Na rasa ta cewa. Na juya wajen malamina, shi da ya karanta babin hanyoyin bincike har sau biyu ya sa hannu. Sai ya gyara zama ya ce, "Na sha gaya masa, yaran yanzu ba sa jin magana." Bai taɓa gaya mini ba, ko sau ɗaya. Laifin nawa ne, ban musa ba, kuma da ya ce "mun yi kuskure" da babu abin da zai ragu a jikinsa. Na ci gaba da gaishe shi da ladabi har na gama, ya sa mini hannu a kundi, amma ban sake kai masa wata damuwa tawa ba.

Washegari na kai ragowar asid ɗin wajen dattijon da ke kula da ɗakin gwajinmu, wanda duk muke kira Baba. Difloma gare shi, sunansa ba ya fita a maƙalar kowa. Ya haɗa kwalbar shaida da kansa aka kai awo. Tataccen ruwan ya nuna dalma kusan daidai da abin da na rubuta wa rijiyoyin mutane. Ya miƙo mini takardar ya ce, "Ɗana, shekara talatin ina wanke kwalabe a nan. Da ka leƙo ka tambaye ni, da ban bar ka ka zubar da kuɗinka ba." Kullum ta ƙofarsa nake wucewa.

Na je na ba 'yar ajin nan tamu haƙuri, na roƙe ta ta koya mini aikin daga wankin kwalba. Ba ta ja maganar ba. Muka sake ɗiba da asid mai kyau, da kwalbar shaida, kowane samfur sau biyu. In ban da rijiyoyi biyu da ke manne da jujin, babu wadda ta haura iyaka. Ɗaya daga cikin masu ilimin ƙananan halittu ne ya ce tunda an zo, a duba ƙwayoyin cuta. Wannan samfurin sai a ajiye shi cikin ƙanƙara, a kai shi ɗakin gwaji cikin awa shida, kuma ƙa'ida ita ce kada a sami ko ƙwaya ɗaya ta E. coli, wadda ke fitowa daga bayan gida, a mililita 100. Mafi yawan rijiyoyin sun faɗi wannan gwajin. Dalilin kuwa a fili yake tun ranar farko, ni ne ban duba ba: gidaje a matse, masai taku goma ko ƙasa da haka daga bakin rijiya, bakin kuma babu daɓe, guga na kwana a ƙasa. A kan wannan na sake gina kundina, wato nisan masai da rijiya da yadda ruwa ke ratsa ƙasar wurin, kuma a nan ne karatuna na gine-gine ya yi amfani. Sunayen mai kemistirin da mai ilimin ƙananan halittun na cikin maƙalar da ta fita, na Baba kuma ni na dage sai da aka sa shi.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Ka zaɓi binciken da hannunka ya iya, ko ka nemi wanda ya iya tun kafin ka fita. Duk gyaran da mai duba aikinka ya yi maka, ka nemi ya rubuta. Ka rubuta ranar da aka buɗe kowace kwalbar sinadari da inda aka sayo ta. Sakamakon da ya yi maka daɗi fiye da kima, ka sake auna shi kafin ka gaya wa kowa.

Na koma zauren dattijon nan mai rijiya da ƙafata. Shi bai bari an buɗe rijiyarsa don ɗiba ta biyu ba, ta maƙwabcinsa ta bayan katanga muka auna. Na gaya masa komai, har zancen asid ɗin kasuwa. Na ce babu dalma, amma akwai alamar masai na tsiyaya, kuma wannan da sauƙi: a gyara bakin rijiya, a rataye guga, a riƙa sa sinadarin kulorin ko a tafasa na sha. Na ce ni zan biya kuɗin magini. Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗana, wancan karon ma da takarda ka zo. Yanzu wacce zan ɗauka, ta da ko ta yanzu?" Ban sami amsar da zan ba shi ba. Ya ce ya yafe mini, ya sa aka kawo mini ruwan sha, na leda.

Ranar da zan bar Zariya na sa ɗan acaɓa ya bi da ni ta layin. Murfin simintin na nan, an ɗora masa turmi. Kurar ɗan garuwa na tsaye a ƙofar gidan, wani jikansa na taya sauke jarka.